Zalɓen da Ya Ci Kifin Ɗiyata

Shekarar da ɗiyata ta fara tafiya, ba ranar da nake jin faɗuwar gaba kamar ranar awo. Za a zura ta cikin wandon nan da ke rataye jikin sikeli, tana wutsil-wutsil tana ihu, nas ta duba ta rubuta a kati, ni kuma in zuba wa bakin nas ido, don zanen da ke katin ban cika gane shi ba. Wata uku a jere tana ce mini nauyin yarinya bai hau yadda ake so ba. Ba ciwo take yi ba, wasa take har ta gajiyar da mutum, sai dai siririya ce, kuma tun da na yaye ta kunu kawai take karɓa da daɗin rai. Nas ta ce in riƙa ba ta kifi da ƙwai da wake. Na ce to. Kifin Yawuri yana zuwa kasuwa, amma ba kullum yake shiga tukunyarmu ba.

Mijina soja ne, ni da mahaifiyarsa muke zaune a gida. Ƙarshen damina ya zo hutun sati biyu, na nuna masa katin ina hawaye. Washegari ya ɗauki diga da shebur ya nufi lambun mahaifiyarsa da ke gindin dam, inda ruwan da ke kwarara daga dam ɗin yake zama rafi. Kwana huɗu yana haƙa. Ya yi rami mai faɗin ɗakin kwana, zurfinsa har ƙugunsa, ya daddaɓe gefe da laka, ya jawo ƴar hanyar ruwa daga rafin. Daga nan ya je wurin wani mai ƙyanƙyasar kifi a Rikoto ya dawo da jarka da aka yanke mata kai, cike da ƴaƴan tarwaɗa, kowanne bai wuce ɗan yatsana ba, ga gashin baki kamar na manya. Ya ce ɗari biyu ne. Ya bar mini rabin buhun abincinsu, ya ce nan da ƴan watanni yarinya za ta ci kifi har ta ce ya isa. Ya koma bakin aiki.

Surukata, wadda nake ce wa Mama, a kan dutse aka haife ta, dawa ta sani da gyaɗa da akuya. Ta ce ita ba ta taɓa jin an yi kiwon abin da ba a ɗaure shi da igiya ba, amma tun da ɗanta ne ya kawo, Allah Ya sa albarka. Kwana biyu da tafiyarsa aka aiko mata ƙanwarta ba lafiya a Kanya, ta hau mashin ta tafi, ta yi sati.

A satin nan na yi abin da na yi.

Kullum da safe nakan goya yarinyar mu tafi lambu, in sauke ta gindin mangwaro in kama ban ruwa. To ita kuwa da ta ga ruwa kamar an kira ta. In juya in cika bokiti, in waigo, sai in gan ta ta nufi ramin, hannu biyu a gaba, tana dariya. Na ɗaure mata zane a ƙugu na ɗaure ɗaya bakin jikin mangwaro, ta yi kuka har masu lambun gefe suka leƙo suna tambaya ko kunama ce. Na kwance ta. Na tsaya bakin ramin na tuna inda ruwan ya kama mijina, na dubi tsawon yarinyar. Ko ta yi ɗage ruwan zai rufe ta.

Sai na ɗauki kwanon wanki na shiga ɗebo yashi daga rafi. Ina zubawa a hankali ta gefe don kada in danne kifin. Kwana biyar ina wannan jigila, wuyana har ya ƙage. Ina gwadawa da sanda, sai da ruwan ya dawo bai wuce ƙwaurina ba, yadda ko ta faɗa za ta iya miƙewa, sannan na bari. Ban tsaya nan ba, na sa fartanya na share duk ciyawar da ke bakin ramin saboda maciji, na bar wurin fes kamar tsakar gida. Ruwan kore ne, ba a ganin ƙasansa. Na ce a raina kifi ɗan mitsitsi me zai yi da ruwa har ƙugu? Da Mama ta dawo ta yaba mini shara. Ban gaya mata zancen yashi ba.

Ba a yi kwana uku ba na iske baƙo. Mun iso da hantsi, sai ga wani dogon tsuntsu toka-toka tsaye a tsakiyar ramin, ya lanƙwasa wuya, bai ko motsi, kamar dattijon da ya riga kowa zuwa coci. Zalɓe ne. Na san shi a bakin dam, amma ban taɓa kula da abin da yake yi ba. Ina kallo wani ɗan kifi ya taso sama ya shaƙi iska yadda tarwaɗa ke yi, sai cak, baki ya sauka ya ɗago, kifin yana lilo. Ya juya shi ya haɗiye ta kai. Na ga wucewarsa a wuyan.

Na kurma ihu na jefa masa takalmina. Ya tashi ba gaggawa, yana jan ƙafafu, ya sauka kan ɗorawar da ke tsallaken rafi ya zauna yana jiran in gama abin da nake yi. Takalmin kuwa sai da na shiga na tsamo shi. Yarinya tana bayana tana tafi.

Da na gaya wa Mama sai ta gyara ɗaurin zane, don an zo wurin da ta fi kowa sani. Ta ce tun tana ƴar yarinya take korar tsuntsu a gonar dawa, ba tsuntsun da zai gagare ta. Ta ɗauko tsohuwar rigar ruwan ɗanta da wata malafa da ta yage, muka kafa mutum-mutumi a bakin ramin, hannuwa a buɗe. Ta tattaro gwangwanayen madara da na tumatur, ta zuba tsakuwa a ciki, ta jera su jikin igiya daga mangwaro zuwa wani turke a ƙetaren ramin. Duk wadda ta hango tsuntsu sai ta ja igiya, wuri ya kaure da kwaramniya.

Kwana biyu abin ya yi aiki. Rana ta uku zalɓe ya sauka nesa kaɗan, ya taka a hankali ya zo ya tsaya kusa da mutum-mutumin, ya dube shi da ido ɗaya, ya juya ya dube shi da ɗayan, ya shige ruwa abinsa. Sannan ga wani sabo, ɗan ƙarami mai baƙi da fari da dogon baki, irin wanda ke tsayawa wuri ɗaya a sama yana karkaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa kamar dutse. Shi wannan da ya ga hannun mutum-mutumi ya miƙo kan ruwa sai ya huta da wahalar tsayuwa a sama. A kan hannun yake zama ya zaɓi wanda yake so, ya ɗauko, ya dawo ya buga shi jikin sandar hannun, ya haɗiye, ya yi kashi kan rigar. Wannan ya fi komai ɓata wa Mama rai. Ta ce rigar soja guda ake yi wa haka. Ta zage shi da yarenmu tun daga kakanninsa, bai ko waiwayo ba. Ta ce mini tsuntsayen gari ne, ba su jin yare, in gwada musu Hausa.

Gwangwanayen kuma yarinya ce ta fi kowa jin daɗinsu. Ta gano igiyar, ta yini tana ja. Na lura in aka yi kwaramniyar kifin sai su nutse su ƙi tasowa cin abinci, abincin ya jiƙe ya lalace a banza. Zalɓe kuwa ya saba, ko wuya ba ya ɗagawa. Muka zama mun kori masu gida mun bar ɓarawo.

A da in na watsa abinci ruwan sai ya tafasa da su, baki ko'ina. Yanzu sai ka ga nan ɗaya can biyu. Ba na iya ƙirga su tun da ba tsayawa suke ba, amma idona ya san sun ragu sosai. Muna gida ina tuƙa tuwo hankalina yana lambu. Ranar Lahadi ana wa'azi ni ina ganin dogon wuyan nan. Na fara fita tun gari bai gama wayewa ba, in iske ya riga ni, sawunsa a laka kamar an zana da tsinke. Ranar awo ta zagayo, nas ta duba ta ce nauyin yana nan dai inda yake, ta tambaye ni kifin da ta ce fa. Na ce mata suna girma.

Da yamma wata rana mijina ya kira a waya. Na ba shi labarin tsuntsaye, ya yi ta dariya musamman zancen rigarsa. Ya ce shi ya san halinsu, don an taɓa kai su gadi a wani babban dam mai ba da wutar lantarki. Wai can ƙananan kifi ruwa ke jan su ta cikin injin, su fito ta ƙasa jiri na ɗibarsu, tsuntsaye kuwa sun jeru suna jira kamar fasinja a tasha. Ya ce ƙaramin mai faɗowa daga sama ba zai ci da yawa ba, kada in damu.

"Amma zalɓe kam, Madam, ba dai a ramina ba," in ji shi. "Ni na haƙa shi, har ƙuguna. Sai dai in da kwalekwale ya zo."

Na ce masa ba na jin sa sosai, layi ba kyau. Na kashe wayar na zauna da ita a hannu.

Washegari na bar yarinya wurin Mama na ɗauki wanki na tafi gindin dam ɗin kansa, inda ruwa ke gangarowa kan siminti ya faɗa ƙasa. Lokacin bai daina zuba ba. Sau nawa ina wanki a wurin, amma ranar ce na tsaya na duba da kyau. Inda ruwan ke faɗawa akwai gurbi mai zurfi, baƙi ƙirin, yana juyawa. Daga nan sai ya baje kan tsakuwa, ya zama shara-shara, ana ganin ƙasa. Ƙananan kifin da ruwa ya kwaso daga sama in suka faɗo sai su fito a birkice, wani ciki a sama, wani yana iyo a karkace, ruwa ya tura su kan tsakuwar. A nan tsuntsayen suke. Zalɓe uku, balbelu kuwa ba iyaka, kowa ya kama wurinsa. Ba mai bin kifi da gudu, tsayawa kawai suke abinci na zuwa.

Na daɗe ina kallo har kumfar sabulu ta bushe a hannuna. Ko ɗaya a cikinsu bai taka cikin gurbin mai zurfi ba. Wani zalɓe ya matsa, ruwa ya kusa taɓa gashin cikinsa, ya ja da baya. Kuma na ga kifin da suka samu suka farfaɗo, gefe suke yi da sauri su shige ƙarƙashin ciyawar da ta sunkuyo kan ruwa, daga nan ba mai sake ganinsu. Na cire takalmi na taka inda zalɓen suka fi tsayawa, suka tashi suka ba ni wuri. Ruwan ya kama ni daidai ƙwauri.

Ban gama wankin ba. Na iske Mama a lambu tana tsinkar yakuwa, yarinya na barci gindin mangwaro. Na durƙusa na ce ina da magana. Ta ce in dai zancen tsuntsu ne ta riga ta aika a kawo mata danƙon harbi.

"Mama, ba laifin tsuntsu ba ne. Ni na cike ramin da yashi lokacin da kina Kanya. Tsoro nake kada ta faɗa."

Ta dube ni, ta dubi ramin. Ta ajiye yakuwar, ta tattare zane, ta zura ƙafa ɗaya a hankali kamar mai shiga kogi, sai ta ji ƙasa nan take. Ta sa ta biyu. Ta taka har tsakiya, inda zalɓe ke tsayawa, ruwa ko gwiwarta bai kai ba. Ta tsaya nan ta riƙe ƙugu. Ina jiran faɗa, sai na ga kafaɗunta na rawa.

"Ashe faranti kika yi masa," ta ce. "Sati uku ina zagin bawan Allah, ashe gayyatarsa aka yi."

Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na kama, nawa dai rabi kuka ne. Da ta fito ta zauna tana share ƙafa sai ta ce da na gaya mata tun farko. Ta ce ita ma lokacin da mijina yake rarrafe, rijiyar gidansu ta hana ta barci har sai da aka yi mata murfi. Ba wanda ya ce a cike rijiya don an haifi yaro.

Na ce mata ni dai in za a kwashe yashin, sai an fara rufe ramin, in ba haka ba gara zalɓe ya cinye sauran. Ta ce ta ji. Ta ce in mijina ya kira ni zan gaya masa da bakina, ita ba ruwanta, amma tana so ta kasance kusa ta ji.

Murfin ya ɗauke mu kwana shida. Mama ta sa aka saro mana gora daga bakin rafi, muka jera masu kauri daga wannan gefe zuwa wancan, muka kafe bakinsu da turaku. Muka tsaga sauran muka gitta su, tana ɗaurewa da igiyar rama irin ɗaurin da take yi wa jinkar rumbu. Ni na ce a matse su sosai, ita ta ce kifi ma yana son rana da iska. Muka yi ta ja-in-ja har muka daidaita a kan tafin ƙafar yarinya: duk ramin da ƙafarta za ta iya shiga ya yi faɗi. Sai ga mu muna ɗaga ta muna gwada ƙafarta a saƙa kamar masu sayen takalmi, ita kuwa ta ɗauka wasa ne. Muka bar ƴar ƙofa a gefe ɗaya ta zuba abinci, na ɗaure ta da ƙulli uku. Rabin murfin muka shimfiɗa masa zana don inuwa.

Da aka gama na ce ban yarda ba sai an gwada. Muka ɗora buhun masara, bai motsa ba. Na ce buhu ba ya tsalle. Mama ta harare ni, ta hau da kanta, ta taka daga wannan baki zuwa wancan, ta dawo tsakiya ta yi ƴar rawar da ake yi a bikin girbi. Masu lambun gefe suka bar ban ruwa suna kallo. Gora ta yi ƙara amma ba ta karye ba.

Sannan aka zo kwashe yashi. Muka ɗage murfin gefe, Mama ta goya yarinya ta ɗaure da zane biyu, ta ce ba za ta sauke ta ba sai an mayar. Muka rage ruwan, na kame kifin da kwando na zuba a bahon wanki. Ranar na ga abin da ya rage, kuma ba su kai rabi ba. Na tsaya ina kallonsu cikin bahon raina ba daɗi. Mama ta ce in bar kallon waɗanda babu, in kama shebur. Yashin da na yi kwana biyar ina shigarwa, yini ɗaya da taimakon matan lambun gefe muka fitar da shi, suna yi suna mini tsiya, wai in ina da sauran aiki irin wannan in riƙa kiransu tun a zubawa.

Zalɓe ya zo washegari. Ya sauka kan murfin, ya taka, ya leƙa ta wannan rami, ya leƙa ta wancan, ya zura baki bai kai ba. Ya yi kwana uku yana zuwa, daga nan ya koma gindin dam wurin ƴan uwansa. Ƙaramin ya ci gaba da zama kan hannun mutum-mutumi na ɗan lokaci, don sabo ina ji, har Mama ta cire rigar ɗanta ta wanke. Mijina kuwa da na gaya masa sai ya tambaye ni kwano nawa na yashi na zuba. Na ce ban ƙirga ba. Ya ce da a bariki nake da an ba ni igiyar ƙarin girma a hannu saboda ƙwazo.

Waɗanda suka tsira suka samu wuri da abinci, ga gara da nake haƙo musu daga suri, suka yi ta ƙiba. Bayan Kirsimeti na zura kwando ta ƴar ƙofar na fito da ɗaya mai kaurin damtsena. Na dafa shi da ɗan manja da albasa, ban sa barkono ba. Na zaunar da yarinya kan tabarma, ina tsoron kada bayan duk wannan ta ƙi ci. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta tofar. Na ba ta romo a cokali ta sha. Ta miƙo hannu da kanta ta damƙi tsoka.

Sai kuma na tuna da ƙaya. Na ƙwace abin da ke hannunta, ta fasa kuka, na shiga murje naman da yatsu ɗan kaɗan-kaɗan, ina ɗagawa ina dubawa a hasken rana kafin in sa mata a baki. Mama tana gefe tana tsotsar kan kifin, ta ce tarwaɗa ba ta da ƙananan ƙaya, in bar yarinya ta ci abinci. Na ce na sani. Na ci gaba da murzawa, ita kuma yarinyar ta buɗe baki tana jira, mai na gangara mata har wuya.